Yatsa Ya Riga Ido: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haddar Hannu da Tarkon Manhajojin Sada Zumunta

Ina koyar da kwamfuta a wata 'yar cibiya da ke wajen Ƙofar Ƙaura, nan birnin Katsina. Da yake an san ni da wannan sana'a, duk wanda wayarsa ta yi masa gardama a unguwa ni yake kawo wa, ko da kuwa aikin mai gyara ne. Maganar da na fi ji daga bakin masu kawowa ita ce: "Wallahi Malam ban taɓa komi ba." Da can in na ji haka murmushi kawai nake yi, don na san waya ba ta danna kanta. Yanzu na bar murmushin. Na gane mutum zai iya rantsewa bai taɓa ba, kuma babu kaffara a kansa, alhali yatsansa ya taɓa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da maƙwabta suka fi yi mini a kan wannan lamari.

Mece ce haddar hannu? Da gaske ne tsoka tana riƙe abu?

Turawa kan ce tsoka ce ke tunawa, amma salon magana ne kawai. Tsoka ba ta haddace komai, aikin ƙwaƙwalwa ne. In ka maimaita abu sau da yawa, sai ɓangaren da ke tunani da yanke shawara ya sauke nauyin, ya miƙa wa wasu sassa na can ciki da na wajen ƙeya, masu tafiyar da motsi ba tare da sun nemi izininka ba. Shi ya sa mai ɗinkin hula take hira har da shewa allura na tafiya, mai Keke Napep yana ciniki da fasinja hannunsa na canza giya. Tambayi mutum lambar sirrin katinsa na banki, sai ka ga ya yi jim, ya ɗaga yatsa yana danna iska kafin ya iya faɗa.

Abin da ya nuna wa masana cewa wannan hadda daban take da tuna labari shi ne wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison, da aka yi wa tiyata a ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya. Bayan aikin ya kasa riƙe sabon abu. Ku gaisa yanzu, an jima ya manta ya taɓa ganinka. Wata masaniya, Brenda Milner, ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kwana uku ana yi. Kullum ba ya tuna ya taɓa yin aikin, amma kullum hannun ƙara gwanancewa yake. Shi ya manta, hannu bai manta ba.

Ba ma sai mun je Amurka ba. A 2023 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe lambobin kamfanonin waya wuri ɗaya, duba kuɗi ya koma *310#, sa kati *311#, sayen data *312#. Har yau akwai masu layin MTN da yatsansu ke rubuta *556# kafin su tuna.

To ina aibu a ciki? Ai wannan ni'ima ce.

Ni'ima ce mana. Da a ce duk lomar tuwo sai mutum ya lissafa hanyar baki, da an sha wuya. Matsala ɗaya ce: hannu wuri yake haddacewa, ba ma'ana ba. Ya san "ƙasa, dama, kore". Bai san me aka rubuta a wurin ba, kuma ba ya tsayawa ya tambaya.

Dattawanmu sun ga irin wannan. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. An daɗe ana shela kafin ranar, don hukuma ta san direban da ya shekara ashirin yana bin hagu, in ya fito da asuba hannunsa zai kai shi inda ya saba. An sanar, an ja kunne, an sa rana. Manhajar da ke wayarka kuwa takan canza hannu cikin dare, ba shela, ba sallama.

Ta yaya kamfani zai ci riba da inda yatsana ke sauka?

Fuskar waya kasuwa ce. Akwai rumfar bakin ƙofa, akwai ta can ƙurya, kuma duk wanda ya taɓa neman shago a Babbar Kasuwar Katsina ya san wadda ta fi tsadar haya. A waya, bakin ƙofa shi ne layin ƙasa, inda babban yatsa ke kaiwa ba sai ka gyara riƙo ba. Tun 1954 wani masani, Paul Fitts, ya auna cewa gwargwadon girman abu da kusancinsa, gwargwadon saurin da hannu ke kai masa. Duk mai zana manhaja ya san wannan kamar yadda tela ya san awo.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne na Instagram. A watan Nuwamban 2020 kamfanin ya sauya layin ƙasa. Tsakiya, inda shekara da shekaru mutane ke dannawa su ɗora hoto, aka sa Reels, gajerun bidiyon da ya fito da su don gogayya da TikTok. Inda alamar zuciya take, wadda ake dannawa a ga wa ya yaba wa ya yi sharhi, aka sa kantin sayayya. Su kuma tsofaffin maɓallan aka cilla su can sama, inda sai an miƙa yatsa. Mutane suka wayi gari suna neman sharhin abokai, suna tsintar kansu cikin takalma da jakunkuna. Kamfanin ya ce ya yi ne don sauƙaƙa wa masu bidiyo da masu saye da sayarwa. A Fabrairun 2023 ya cire kantin daga layin, ya maido da maɓallin ɗora hoto tsakiya.

Kada ka ɗauka irin wannan sauyi ra'ayin mutum ɗaya ne da ya tashi da shi da safe. Manyan manhajoji suna raba masu amfani gida biyu, su nuna wa waɗannan tsari ɗaya, waɗancan wani, su ƙirga wane ne aka fi dannawa, wane ne aka fi daɗewa a ciki. Shi ya sa kai da matarka kuna da manhaja iri ɗaya amma fuskarta ta bambanta. Abin da ma'aunin ke gani dannawa ce kawai. Bai san wanda ya danna da niyya ba, bai san wanda ya danna ya ja tsaki ba. Dukansu riba ce a takardar lissafi.

Kenan duk canjin da aka yi yaudara ce?

A'a, kuma ba na son a tafi da wannan fahimtar. Wayoyi sun ƙara tsawo, abin da ke sama ya yi wa yatsa nisa, dole wani lokaci a sauko da shi. Da WhatsApp ya maido da layin zaɓinsa daga sama zuwa ƙasa a wayoyin Android a 2024, mutane sun yi ta ƙorafi, amma ni ban ga zamba a ciki ba: abubuwan da ka sani ne aka matso maka da su kusa.

Ma'aunin da nake amfani da shi daga kasuwar hatsi na aro shi. Mai awo yakan yi kuskure, ɗan Adam ne. Amma in ka lura duk kuskurensa wajensa yake faɗawa, bai taɓa mantawa ya ƙara maka ba sai dai ya rage, to ba kuskure ba ne, bugaggen kwano ne. Haka za ka duba manhaja. In yatsanka ya zame, ina yake kai ka? In kullum talla ne, ko biyan kuɗi, ko ba da izinin lambobin mutanenka, ko wani sabon abu da kamfanin ke son ya karɓu, kuma bai taɓa zamewa ya kai ka ga "kashe sanarwa" ko "fita" ba, ai ruwa ba ya tsami banza.

Wani ɗalibina ya taɓa tambayata hukuncin wannan a addini. Na ce masa ni ba malamin fatawa ba ne, ya je zauren da ya dace. Abin da kowa ya sani dai shi ne hadisin mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, Annabi (SAW) ya sa hannu ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Na faɗa masa ne don shi ma manhaja yake koyon ginawa, watarana shi za a ce ya ƙanƙantar da maɓallin "a'a".

Wannan dabara tana da suna? Kuma wane iri da wane iri ne?

Tana da shi. A 2010 wani mai zana manhajoji a Ingila, Harry Brignull, ya raɗa mata "dark patterns", ya buɗe shafi yana tara misalai. Ni a aji nakan ce zamba cikin aminci, don ba kutse aka yi maka ba, ba sata aka yi da dare ba. Da hannunka ka ba da, kana ganin kamar taimakonka ake.

Wadda muka fi cin karo da ita ita ce ta maɓalli biyu: "na yarda" ƙato, mai launi, daidai saitin yatsa, "ban yarda ba" ɗan ƙaramin rubutu mai ruwan toka, kamar an rubuta da fensirin da ya ƙare. Sai wadda babu "a'a" sam, sai "ba yanzu ba", yadda gobe za a sake tambayarka, jibi ma haka, har ranar da kake sauri ka danna don a ƙyale ka. Naci irin na mai bin bashi. Akwai akwatin da aka riga aka sa wa alamar amincewa kafin ka zo. Akwai talla da aka yi wa sutura irin ta saƙon aboki, kalmar da ke nuna talla ce an rubuta ta ƙanana a gefe. Akwai ƙofar shiga wagege, ta fita kuwa kamar kafar allura: buɗe akawun minti biyu, rufe shi sai ka bi saiti cikin saiti.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce alamar rufe talla. Hannunka ya haddace cewa ana rufewa ne a kusurwar sama ta dama. Sai a zana maka alamar ƙarya a nan, ka danna ta kai ka wajen sauke wata manhaja, ta gaskiyar kuma sai bayan daƙiƙa biyar ta fito a hagu. Ko kuma shafi ya yi tsalle daidai lokacin da yatsa ke sauka, talla ta shigo inda rubutu yake. Wani lokaci jinkirin sabis ne ke jawo tsallen, gaskiya ne. Amma fa ban taɓa ganin wanda ya gaggauta gyara kuskuren da ke kawo masa kuɗi ba.

Na ɗauki waya in duba saƙo ɗaya, na farga awa ta wuce. Ni ne ba ni da tsari?

Da naka, amma ba duka ba. Da can shafin intanet yana da ƙarshe. Ka kai ƙasa, ka ga "shafi na gaba", a nan ƙwaƙwalwa ke samun damar tambayar kanta: in ci gaba ko in tashi? A 2006 Aza Raskin ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa, kana ja yana zuwa. Daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Kwano ne da ake zuba maka fura ta ƙasa kana sha ta sama. Ba za ka taɓa ganin gindinsa ba balle ka ce alhamdu lillahi ka ajiye ludayi.

Jan fuskar waya ƙasa don sabo ya fito kuwa Loren Brichter ne ya fara shi a 2009, a wata manhajar karanta Twitter mai suna Tweetie, wadda Twitter ta saye a 2010. Abin da ke sa hannu ya kamu da shi rashin tabbas ne. Wani ja ka samu labari mai daɗi, wani ja ba komai. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce B.F. Skinner ya nuna da tantabaru cewa wadda ba ta san a karo na nawa tsaba za ta faɗo ba ta fi nacewa da saran maɓalli a kan wadda ake ba a ƙa'ida. Da wannan injin caca ke aiki. Ƙara da bidiyon da ke kunna kansa, da jan ɗigon da ke kan tambarin manhaja, da wasu manhajojin da in ka danna "koma baya" don ka fita sai su zubo maka sabbin bidiyo, sai a dannawa ta biyu su sake ka.

A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, na je Dutsin-Ma gaishe da wani kawuna. Muna zaune a zaure bayan la'asar, ɗansa na gefe. Makonni ke nan babu sabis a garin, ya sani sarai. Amma ina kallonsa ya zaro waya, ya buɗe, ya ja fuskar ƙasa, ya kalli 'yar da'irar tana juyawa, ya mayar aljihu. Kafin a kira magariba ya yi haka ya fi a ƙirga. Kawu ya dube shi ya ce, "Kai, wai mi kake nema a ciki ne?" Yaron ya kalli wayar a hannunsa kamar wani ne ya miƙa masa ita. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, sai dai a nan ba wawa ake nema ba, duk mai yatsa ya isa.

Su wa abin ya fi cutarwa?

Waɗanda ba sa karanta Turanci, kuma su ne ba a lissafawa da su lokacin da ake zanen. Ni in maɓalli ya tashi daga wurinsa zan yi tsaki in karanta in gano shi. Wanda da wuri da launi ya koyi waya, in an matsar da abu ɗaya an kashe masa fitila ne. Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2016, amma yawancin wayoyin da ke zuwa hannuna a Turanci suke, kuma ko an juya su, fassara ba ta amfanar wanda boko bai yi ba.

Gwaggona a Daura take, ba nisa da rijiyar Kusugu. Tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida, ciniki duk ta saƙon murya take yi. Tana karanta Alƙur'ani, tana karanta ajami, amma a wayarta ba ta san harafi ɗaya ba. Ta san hoton kowane mai saye, ta san inda za ta ɗora yatsa ta riƙe ta yi magana. Wata rana jikanta ya sayi datar dare, ya sabunta duk abin da ke wayar don ya kyauta mata. Da safe tana tsakar gida tana tuyar ƙuli, ba mayafi, ta ɗauki waya za ta gaya wa wani Alhaji cewa mansa ya haɗu. Ta taɓa inda ta saba. Sai ga fuskarta a allo, kyamara a buɗe. Ta kife wayar a ƙasa ta ɗora faifai a kai, ba ta sake taɓa ta ba kwana biyu, har masu saye suka fara aiko yara.

Da na je ta ce, "Ɗan nan, wayar nan an shige ta."

Na ce, "Gwaggo, ba abin da ya shige ta. Kaya ne aka sauya wa wuri."

Ta ce, "To wa ya shigo mini ɗaki ya sauya mini kaya ban sani ba?"

Ban sami amsar da zan ba ta ba. Wanda ya yi sauyin bai san akwai gidan da buɗewar kyamara ba ƙaramin abu ba ne. Haka bai san matar auren da yatsanta ya zame ya yaba tsohon hoton wani namiji za ta kwana tana bayani ba. Ƙara da fasasshen gilashi, da hasken ranar Katsina da ke sa ba ka ganin rubutu mai ruwan toka, da waya ɗaya da mutum huɗu ke karɓa-karɓa.

Katina yana ƙarewa ban kira kowa ba. Yana da alaƙa da wannan?

Sau da yawa yana da ita. Talla ta fito kana tsakiyar kallo, ka danna don ka kore ta, ashe ka shiga wani tsarin wasa ko na labarai da ake cirar kuɗi kullum. Kuɗin kaɗan ne, shi ya sa ake daɗewa ba a lura ba. Duba saƙonnin da kamfanin layinka ya turo, galibi akwai wanda ya ce an sa ka a tsari kaza da yadda ake fita. Tura STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla da ba ka nema ba. In ka kai kuka ga kamfanin ba a share maka hawaye ba, layin ƙorafi na NCC shi ne 622, kyauta ne.

Mafi muni su ne manhajojin bashi da ake tallatawa a shafukan zumunta. Hannu ya saba duk akwatin da ya fito a danna "Allow", wato "na ba da izini", a wuce. A cikin akwatunan akwai na lambobin wayarka. Ranar da ka makara da biya, sai surukinka da limamin unguwa su sami saƙo. Hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta kai samame kan wasu daga cikinsu a 2022, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Waɗanda ake turowa ta mahaɗi a sauke daga waje, wannan hani bai kai gare su ba.

Akwai dokar da ta hana? An taɓa hukunta wani?

An taɓa. A Disambar 2022 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya biya dala miliyan 245 don a mayar wa mutane. Zargin shi ne an jera maɓallai yadda dannawa ɗaya ke cire kuɗi, har wanda ke son duba kaya kawai in ya taɓa na kusa ya saya. A Satumban 2025 Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 kan zargin shigar da mutane tsarinsa na biyan kuɗin wata-wata mai suna Prime cikin dabara da wahalar da masu son fita. A Faransa, a Janairun 2022, an sanar da tarar Yuro miliyan 150 kan Google da miliyan 60 kan Facebook saboda abu ɗaya tak: amincewa a bibiye ka dannawa ɗaya ce, ƙin amincewa sai da yawa. Tarayyar Turai ta haramta irin wannan zane a dokarta ta ayyukan intanet, Indiya kuma ta lissafa iri 13 ta hana a 2023.

A nan gida akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ta ce shiru ba amincewa ba ne, akwatin da aka riga aka cika maka ba amincewa ba ne, kuma janye izini dole ya zama da sauƙi kamar bayar da shi. A Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun sauraren ƙarar ta tabbatar a Afrilun 2025. Sai dai wannan a kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ne, ba a kan matsar da maɓalli ba. Sauya wa maɓalli wuri shi kaɗai wuyar kamawa gare shi, don kamfani zai ce gyaran ɗakinsa ya yi.

To ni me zan yi? In goge su duka?

Mai sayar da atamfa a Instagram ba zai goge kasuwarsa ba, ni ma ban goge ba. Kuma alƙawarin "daga yau zan rage" ba ya aiki, don da ƙwaƙwalwar da ke tunani ka ɗauki alƙawarin, hannu kuwa ba ya wurin lokacin da ake yi. Abin da na ga yana aiki shi ne ka yi wa hannunka abin da kamfanin ke yi masa: sauya kaya wuri.

Na ɗauke manhajar da ta fi cin lokacina daga fuskar farko na kai ta cikin wata jaka a shafi na uku, na sa kalkuleta a gurbinta. Kwanakin farko na buɗe kalkuleta har na ji kunyar kaina, a layin mai POS, a masallaci kafin a ta da iƙama, ina tsaye ina kallon sifili. Amma duk buɗewa tana tuna mini cewa ban yi niyyar shiga ba. Bayan 'yan makonni hannu ya gano sabuwar hanyar, sai na sake sauyawa. Kada ka ƙosa. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2009, ya gano sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu 18, wasu har 254.

Sauran ƙanana ne. Kashe sanarwar duk abin da ba mutum ne ke maka magana ba. Kashe bidiyo mai kunna kansa, datarka ma za ta huta. Yawancin wayoyin Android suna da Digital Wellbeing a cikin saiti, inda za ka ga awannin da ka ci ka kuma sa wa manhaja iyaka. iPhone tana da Screen Time. Mayar da fuskar waya fari da baƙi da dare, jan ɗigon nan ya rasa kwarjini. Sa a riƙa tambayar lambar sirri kafin kowace sayayya, musamman in yara na wasa da wayar. In akwati ya fito ba zato, ɗage yatsa gaba ɗaya, nemi ƙaramin rubutun kafin babban. Ranar da ka ga manhaja ta canza fuska, yi amfani da ɗaya hannun. Shi bai haddace komai ba, dole ido ya yi masa jagora.

Na riga na danna. Akwai gyara?

Yawanci akwai, in an yi sauri. A WhatsApp kana da kimanin kwana biyu ka goge saƙo ga kowa, in kuma ka yi kuskuren goge wa kanka kaɗai, akwai daƙiƙa biyar na dawo da shi. Izinin kyamara, lambobi ko wurin da kake, ana janye shi a saitin waya, ƙarƙashin sunan manhajar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: goge manhaja ba ya tsayar da kuɗin wata-wata, sai ka shiga Play Store wajen biyan kuɗi ka soke da hannunka. In kuma akawun Facebook ka nemi a rufe, ana jira kwana 30, kuma in ka shiga cikin kwanakin za a ba ka damar soke rufewar. Saboda haka cire manhajar daga wayar a ranar, kada hannu ya kai ka da asuba.

Ita Gwaggo fa, ya aka ƙare?

Ban so kashe mata sabuntawa ba, don a ciki ake toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Sai muka yi sulhu: na hana wayar sabunta kanta, na ce wa jikan ya riƙa yi duk wata, da rana, yana zaune kusa da ita, su duba tare abin da ya tashi daga wurinsa. Sannan na karɓi jan farcen wata jikarta na ɗiga ɗan ɗigo a kan gilashin kariya, daidai inda za ta riƙe ta yi magana. Na koma zaure na ce ta yi ta aiko mini har hannun ya kama.

Saƙonnin suna nan a wayata. Duk sallama ce, ɗaya bayan ɗaya, ana jin mai na ƙara a kasko. A na ƙarshen ne ta ce in shigo in ɗauki ƙulin yara kafin motar Katsina ta cika.